Bulus Nawa Ne A Cikin Akwatin?

Da na sauka a Dubai, allunan da ke rataye a filin jirgin suka fi komai ɗauke mini hankali. Ina tafe kaina a sama, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, har wani Bature ya buge mini dunduniya da akwatinsa. Ban san ma'anar kalmomin ba, don Turanci ne, amma bakina yana iya furta su, kuma wannan kaɗai ya sa ni murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Shekarata arba'in da shida a lokacin, kuma shekara biyu ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci a Fagge.

Sunana Sani. Na fi shekara ashirin ina aikin sito a shagon Alhaji Lamidi a Sabon Gari. Alhaji haifaffen Fagge ne, iyayensa ne suka taso daga ƙasar Yarbawa suka zauna a unguwarmu. Da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, sai gari ya ɗauki wani irin motsi. Wayar salula ta shigo, shagunan intanet suka fara buɗewa, kowa ka taɓa daga Bata zuwa Singa zancen Dubai yake. A nan wani dillali mai suna Bala ya ce ya samo mini aikin sito a can, irin wanda na saba, sai dai suna son wanda ya iya karatu da rubutu. Na buga ƙirji na ce na iya. Alhaji bai so tafiyar ba. Da ya ga na ƙudura, sai ya karɓi littafin da nake zuwa aji da shi, ya rubuta lambar wayar ɗansa Kamilu a bangon baya. Ya ce yaron yana aikin injiniyan kwamfuta a Sharja, kusa da Dubai, idan abu ya cije in neme shi. A raina na ce ba zan je in zama wa yaron da na goya kaya ba.

Bala, wanda ya riga ni isa Dubai, ya tare ni a bakin ƙofar filin jirgin da fara'a, ya kai ni wani ɗaki a unguwar Dera. Mu goma sha huɗu ne a ciki, gadaje hawa-hawa, takalma jibge a bakin ƙofa. Ya ce aiki ranar Asabar. Asabar ta zo ya ce mai kamfanin ya yi tafiya. Asabar ta gaba ya ce ana gyaran siton. A ta uku wayarsa ta daina shiga. Wani ɗan Gana da ke kwana a gadon da ke samana ya karɓi fasfona ya duba, ya yi mini bayani da Turancin kasuwa cewa bizar ziyara aka yi mini, ba ta aiki ba. Idan wa'adinta ya cika ban samu kamfanin da zai tsaya mini ba, sai gida.

Na tashi daga bakin gado na yi alwala. Ni mutum ne da ba na gaggawar fushi, kuma na san dako.

Akwai wani mashigin ruwa a tsakiyar garin inda manyan jiragen katako suke lodi. Nan na koma. Firji, taya, buhunan shinkafa, katan-katan na sabulu, duk mun ɗora a kafaɗa. Zafin wurin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Idan muka samu hutu, abokan aikina su kwanta a inuwa, ni kuwa in zauna ina karanta abin da aka rubuta a jikin kwalaye, a bayyane, kamar yadda muke yi a aji.

Wata rana ina cikin haka, na kasa haɗa wata doguwar kalma, na ce, "Kai, wannan kuma wace irin masifa ce!"

Sai na ji an ce daga bayana, "Bawan Allah, kai Bahaushe ne?"

Na juya a firgice. Wani baƙin dattijo ne da farin rawani, tsaye a bakin ɗan shagonsa na abinci da ludayi a hannu. Sunansa Usman, mutumin Sudan ne. Kakarsa ta taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa za ta Makka, ta tsaya a hanya, ba ta ƙarasa ba kuma ba ta koma ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabci a gauraye. Ya zuba mini wake da mai da burodi, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ya ce, "Ci, ɗan Kano. Kanon nan da gaske tana da ganuwa, ko dai kakata ce ta cika baki?"

Na ce, "Tana da ita, Baba Usman, sai dai awaki sun cinye rabi."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Daga ranar kullum a wurinsa nake cin na rana. Shi ya ga yadda nake yi ranar Juma'a, idan aka sauko daga masallaci kowa ya kama gabansa, ni kuma in tsaya ban san inda zan nufa ba. A gida a wannan lokacin ina zaune a ƙofar gida, Binta matata ta turo mini fura, ana jin kukan jirgin ƙasa daga tasha. A Dubai kuwa ko wanda zai ce mini barka da Juma'a da harshena babu, sai Baba Usman.

Da bizata ta rage sati uku, na ba shi labarin lambar da ke bangon littafina. Ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Kana da ɗan gida a Sharja kake ɗaukar firji a nan? Girman kai ne ko hauka?"

"Ni na goye shi, Baba Usman."

"To yanzu shi ya goye ka. Tashi."

Ya ja ni zuwa wayar kan titi. Ni na karanto lambar da kaina, ni na danna, ban ɓata ko ɗaya ba. Da aka ɗauka na ce, "Kamilu?" sai na ji ihu: "Baba Sani! Wallahi Baba Sani ne! Kana ina?"

Washegari ya zo ya ɗauke ni a mota. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, amma Hausarsa ta Fagge tana nan ba ta canza ba. Kamfanin da yake aiki ƙarami ne, suna haɗa wasu akwatunan ƙarfe masu kwamfuta a ciki, waɗanda masu shagunan kiran waya suke saye don a riƙa kiran ƙasar waje ta intanet da sauƙi. Ya ce har Kano za a kai su. Amma akwai matsala: akwatin sai ya yi kwana ɗaya ko biyu yana aiki lafiya, sai ya mutu haka kawai. Kafin ya farfaɗo da kansa yana nuna layi ɗaya na rubutu a wani ɗan allo da aka haɗa masa, na ɗan lokaci kaɗan, sannan rubutun ya goge. Suna bukatar mutum mai haƙuri da zai zauna ya zuba ido, ya kwafe abin da ya fito.

"Ka iya, Baba Sani?"

Na ce, "Ka kawo biro."

Ya kai ni wurin manajan, wani Ba'indiye siriri mai suna Mista Rajan, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce in na yi sati biyu aikina ya yi kyau, kamfani zai yi mini bizar aiki.

Washegari aka shigar da ni ɗakin gwaji. Ɗaki mai sanyi, akwatuna arba'in a jere a kan kanta, fitilu kore suna ƙiftawa, ga kujera mai juyawa, kuma tawa ce. Ni Sani mai sito, an ba ni kujera da biro, za a biya ni don na iya rubutu! Na juya a kujerar nan sau uku kafin in tuna akwai gilashi a ƙofar.

Kamilu ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce a can cikin kwamfuta akwai abin da suke kira ƙwaya, ita ke juya komai. A cikin ƙwayar akwai ƙananan ayyuka dubbai, in ɗauke su kamar ma'aikata, kowa da sunansa: wannan ya buɗe ƙofa, wancan ya karɓi saƙo, wani ya share wuri. Layin da ke fitowa idan akwati ya mutu yana faɗin sunan ma'aikacin da abin ya faru a hannunsa. A gefen sunan akwai wata doguwar lamba, baƙaƙe da alƙaluma a cakuɗe.

Ya ce, "Sunan kawai nake so. Ka bar lambar, za ta ba ka wahala."

Na ce to. A takardar kamfani sunan kawai nake rubutawa. Amma malaminmu na aji ya saba mana da cewa in za ka kwafi layi, ka kwafe shi duka har ɗigo. Ga shi kuma ina son hannuna ya saba da alƙaluma. Don haka a littafina nake juye layin gaba ɗaya.

Akwati na farko ya mutu da hantsi. Na yi wuf na rubuta baƙi huɗu, na ruga da takardar. Kamilu ya duba baƙaƙen, p-o-l-l, ya ce, "Pol."

Na ce, "Pol? Kamar mai shagon taya na bayan shagon Alhaji? Ai Bulus ke nan."

Ya yi dariya har da buga tebur. Daga nan sunan ya bi shi. Kullum sai in leƙa ofishinsa in ce, "Injiniya, Bulus ya sake kashe ɗaya." Har Mista Rajan ya koya, in ya wuce sai ya ce, "Bulus?" in ɗaga masa yatsu in nuna nawa.

Kamilu yana da wata manhaja da yake kira mai bin sawu. Kana ba ta sunan ma'aikaci, sai ta bi shi duk inda ya sa ƙafa tana rubuta abin da ya yi. Ya ba ta sunan Bulus, ya ɗora ta a kan wasu akwatuna, ya haɗa da wani allo a kusurwar ɗakina. Ya kwana biyu yana karanta Bulus layi-layi, ya gyara wani ɗan abu da ya gani. Akwatuna suka ci gaba da mutuwa. Abin da ya fi muni, mai bin sawu ta nuna cewa a lokacin da suke mutuwa Bulus ko motsi bai yi ba, yana zaune abinsa.

A kwana na tara Mista Rajan ya kira mu. Turancinsa da sauri yake, amma na tsinci abin da ya ishe ni. Ya tambayi Kamilu makarantar da na yi. Kamilu ya faɗi gaskiya. Manajan ya ɗaga takarduna ya karkaɗa su. Ya ce na'ura ba ta ƙarya. Tunda ta ce ba Bulus ba ne, to ni ne na haddace kalma ɗaya nake ta maimaitawa don ban iya karanta sauran ba. Ya ce na ci musu kwana tara. Ranar Alhamis in ajiye biro.

Da muka fito Kamilu ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce a hankali, "Baba Sani, don Allah kada ka ji kunyata. In baƙaƙen suna ruɗa ka, ka faɗa mini. Rubutun yana gogewa da sauri, kowa zai iya kuskure."

Maganar manajan ba ta yi mini zafi kamar wannan ba. Komawa gida ba komai ba ne, dako bai kashe ni ba, sito yana nan. Amma in koma Fagge a ce an koro Sani saboda ya ce ya iya karatu alhali bai iya ba? In shiga aji in kalli malaminmu da wane ido? Na ce masa, "Abin da na gani shi na rubuta." Na koma kujerata.

Saura kwana biyu. Na zauna ina kallon allon mai bin sawu, don ban san abin da zan yi ba. Sunan Bulus yana ta gangarowa a kai, layi bayan layi, kowanne da doguwar lambarsa a gefe. Sai hannuna ya ɗauki biro, na fara kwafa don rage zafin rai. Na rubuta layi uku, sai na tsaya. Hannuna ya saba da lambar Bulus, sau ashirin da wani abu na rubuta ta, ƙarshenta takwas ne da baƙin c. Wannan kuwa ƙarshenta huɗu da sifiri.

Na buɗe shafukan baya. Duk ranar da akwati ya mutu, takwas da c. Na duba allon, huɗu da sifiri. Na sake dubawa da yatsa a kan kowane baƙi, sau uku, don kada in je in ƙara kunyata kaina. Sannan na tashi. Ban san na bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur ba sai daga baya.

Na tura ƙofar Kamilu ko sallama ban yi ba.

"Injiniya, Bulus nawa ne a cikin akwatin nan?"

Ya ɗago a gajiye. "Kamar yaya nawa?"

"Lambar nan da ka ce in bari, mece ce ita?"

"Adireshi ne. Inda ma'aikacin yake zaune a cikin ƙwaya."

"To wanda ke kashe mana akwati ba gidansu ɗaya da wanda kake bi ba."

Na ajiye littafin a gabansa. Ya duba shafi ɗaya, ya duba na biyu. Ya cire tabarau ya mayar. Sai ya juya ga kwamfutarsa ya buga wani abu da sauri, jerin sunaye ya fito. Ko ni daga inda nake tsaye na karanta: Bulus, Bulus, Bulus, har bakwai.

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Bakwai! Baba Sani, bakwai ne!"

Ya miƙe yana zagaya ofis yana magana, rabi da ni rabi da kansa. Ashe ƙwayar nan mutane da yawa ne suka rubuta ta, daga ƙasashe daban-daban, kowa a fayil ɗinsa. Wanda ya rubuta ɓangaren sauti ya sa wa ma'aikacinsa wannan suna, na ɓangaren waya ma haka, ba wanda ya san da wani. Ita kuwa mai bin sawu, in ka ba ta suna, wanda ta fara cin karo da shi a jeri shi take kamawa. Kwana tara tana bin bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na ce, "To ka canza musu suna mana."

"Ba zai yiwu ba. Ba ni na raɗa musu ba, in na taɓa wani abu zai karye a wani wurin. Kuma lambar ma ba abin dogaro ba ce, duk sanda muka sake haɗa ƙwayar sai ta canza."

Na ce, "Mu a ajinmu Sani huɗu ne. Ranar farko malam ya kira Sani, muka amsa gaba ɗaya. Bai canza wa kowa suna ba. Ya ce kai Sani Kwari, kai Sani Tasha. Mu biyun da suka rage duk 'yan Fagge ne, sai ya ƙara mana da layin gidanmu."

Kamilu ya tsaya cak. Sannan ya fashe da dariya. "Ni ma fa Kamilu Fagge ne a sakandare! Har a takardar jarrabawa!" Ya ja kujera ya zauna. "Sunan fayil shi ne unguwa. In fayil biyu sun yi suna ɗaya, a ƙara lambar layi. Sunan yanka yana nan, laƙabi kawai za mu liƙa. Baba Sani, je ka ɗauko takalminka."

Yini guda ya yi yana rubuta abin da zai bi jerin sunayen nan, duk inda ya samu masu suna ɗaya ya ƙara wa kowanne unguwarsa da layinsa. Ba Bulus kaɗai ba ne ashe, ya ce masu takwara a ciki sun fi a ƙirga. Ranar Laraba da yamma ya ɗora sabuwar ƙwayar a akwatuna goma.

Ranar Alhamis na zo da jakata, don ban san yadda za ta kaya ba. Ban taɓa roƙon Allah abu ya lalace ba sai ranar. Na zauna ina kallon fitilu ina cewa, ya Allah ko ɗaya ya mutu. Azahar ta wuce, shiru. Mista Rajan ya leƙo sau biyu yana duba agogo. Ana gab da la'asar fitilar akwati na shida ta koma ja.

Layin ya fito, dogo, ya kusa cika allon. Ban ɗaga biro ba sai da na kai ƙarshe, daidai lokacin da rubutun ya goge. Mista Rajan da kansa ya karɓi takardar ya kai wa Kamilu. Bulus na ɓangaren waya ne. Kamilu ya ba mai bin sawu cikakken sunan, da unguwa da layi. Kafin a tashi aiki ya gano inda yake tuntuɓe: yana jiran amsar da wani lokaci ba ta zuwa, shi kuma ba a koya masa haƙura ba.

Mista Rajan ya shigo ɗakin gwaji ya tsaya a kaina. Ya ɗauki littafina yana buɗawa, shafi bayan shafi, yana bin lambobin da yatsa. Ya tambayi Kamilu wani abu, Kamilu ya fassara mini: wa ya sa ni rubuta lambobin? Na ce ba kowa. Ya girgiza kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Fasfo."

Na ba shi. Ya sa a aljihun rigarsa, ya ce ranar Asabar za a kai ofishin biza. Da zai fita ya juyo ya yi wata magana, Kamilu ya ƙyalƙyale.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce akwai sabbin akwatuna sittin da ke zuwa, kuma daga yau cikakken suna yake so a takarda, da unguwa da layi da lamba, kada ka bar ko ɗigo."

Na dubi layin da na kwafa ɗazu. A da baƙi huɗu nake rubuta wa kamfani in huta, yanzu sun haura talatin, kuma a cikin ɗan lokacin nan dai kafin ya goge.

Na ce, "Kamilu, wa ya kawo wannan shawarar ta ƙara musu suna?"

Ya ce, "Wani dattijo ne ɗan Fagge."

Na ce, "To ka faɗa wa manajanka ya sayo biro da yawa."